Takardar Koci Na'Allah

Ranar Asabar 'yan Rijau suka zo har gida suka ci Guguwar Kontagora biyu da nema. Ranar Litinin, ana idar da sallar la'asar, bencin da ke ƙofar shagon Jinaidu ya cika, har wasu suka zauna a kan baburansu.

Jinaidu mai gyaran rediyo ne, shagonsa na bakin hanyar tasha. Shekara tara ke nan yana ciyaman ɗin magoya bayan Guguwa, kuma a bencinsa ake yanke komai: wa zai riƙe ganga, wace mota za ta kwashi mutane zuwa wasan waje, wane ɗan wasa ya kamata a ja wa kunne. Amma a wannan shekara ta 1989, shi ciyaman ɗin bai taka filin wasa ba tun watan Maris. Yakan buɗe shago ya fitar da bencin, ya koma ciki ya zauna da ƙarfen dalmarsa, hira tana shigo masa ta taga.

Maigandi, akawu ne a sakatariya, shi ke rubuta teburin gasa a bayan wata tsohuwar kalanda. Ya shimfiɗa ta a cinyarsa.

"Ƙungiya goma sha huɗu," in ji shi. "Biyun ƙarshe za su sauka rukuni na biyu. Kagara ta riga ta tafi. Mu ne na goma sha uku, Mokwa na gabanmu da maki ɗaya, kuma sun gama wasanninsu. In muka yi kunnen doki da Suleja ranar Asabar, za mu kamo su a maki, amma sun fi mu ƙwallaye. Sai mun ci kawai."

"Da wa za mu ci?" Nagoggo ya ce. Shi kayan babur yake sayarwa, shi ne kuma jagoran masu waƙa a fili, muryarsa ba ta san ƙasa ba. "Da wannan kocin da ke zama a benci kamar baƙon da aka ce ya jira mai gida? Jiya-jiyan nan kun gani. An ci mu na farko, bai motsa ba. An ci mu na biyu, yana kallon takalminsa. Ni da ke bayan waya na fi shi ba yara umarni."

"Shekaranjiya ne, ba jiya ba."

"Maigandi, ka bar ni da lissafinka. Gola nawa ya gwada bana? Huɗu! Yau Sani, gobe wannan dogon na Ibeto, jibi ya ɗauko ɗan makaranta. Wa ya taɓa ganin ƙungiyar da ba ta san golanta ba?"

Da ya ambaci gola sai wasu suka saci kallon tagar shagon. Jinaidu bai ɗago ba. Yana ƙoƙarin manne wata siririyar waya a cikin rediyon wani direba.

Golan Guguwa na asali ɗansa ne, Muhyiddin. Ɗan fari ne, don haka Jinaidu bai taɓa kiran sunansa ba. "Yaron nan" yake cewa, daga baya da gari ya laƙaba masa Gola, shi ma ya bi sahu. A wasa na uku na kakar bana ƙungiyar ta je Minna. A hanyar dawowa, an wuce gadar Mariga kaɗan, tayar gaba ta bas ɗin ta fashe, motar ta yi ta juyi ta faɗa rami. Mutum biyu suka rasu, direba da Muhyiddin. Koci Na'Allah ya karye a kafaɗa, sauran suka tsira, wasu da raunuka.

Mutane sun yaba da haƙurin Jinaidu. A wurin zaman makoki ba a ga hawayensa ba, limamin unguwa har ya ba da misali da shi. Shi dai ya san ba haƙuri ba ne. Ya jira baƙin cikin ya zo, kamar yadda ake jiran ruwa in hadari ya haɗu, bai zo ba. Wata bakwai ke nan yana tashi, yana sallah, yana gyaran rediyo, yana kwanciya, kuma duk abin da aka ce masa sai ya ji kamar daga ɗakin maƙwabta ake faɗa.

"Wa ya hau da mu rukuni na ɗaya?" Maigandi ya tambaya. "Kun manta? Da Na'Allah ya karɓi Guguwa, ko jesi iri ɗaya ba mu da shi. Shi ya zaga Salka da Zugurma a kan babur yana tsinto yara. Ranar da muka ci Bida a gidansu, kai Nagoggo kai ka ɗauke shi a wuya."

"Na ɗauke shi. Yanzu kuma na sauke. An ce masa a kai sunayen yara wurin malam a taimaka da addu'a, ya ce shi atisaye ya sani. To ga atisayen nan. Dama mutumin ƙauye, me ya sani game da zafin wannan garin?"

"Kai, ka iya bakinka," in ji Maigandi. "Rabin yaran da kake wa waƙa daga ƙauyen suke."

Nagoggo ya ɗaga hannu. "Na janye wannan. Amma sauran ban janye ba."

Aka yi ta yi. Wani ya ce laifin 'yan baya ne, wani ya ce alƙalan wasa ne ba sa son Kontagora, wani dattijo ya ce tun da aka sauya launin jesi daga kore zuwa ja abubuwa suka lalace. Amma duk inda maganar ta zaga sai ta dawo kan koci. Can Nagoggo ya zaro wata takarda daga aljihu, an buga ta da tafireta. Ya ce sun je wurin Alhajin da ke ɗaukar nauyin kulob, ya ce musu shi bai san ƙwallo ba, abin da magoya baya suka yanke shi zai bi, amma sai ya ga hannun ciyaman. Takardar tana neman Na'Allah ya sauka kafin Asabar, mataimakinsa Lukuman ya ja ragamar wasan ƙarshe.

Nagoggo ya tashi ya tsaya a bakin taga. A karon farko ya rage murya.

"Ciyaman, ka ji duk abin da aka ce. Ba mu so mu dame ka ba. Amma kai ne babba, kuma in kai ka kai masa, ba zai yi gardama ba."

Jinaidu ya ajiye ƙarfen dalma. Ya karɓi takardar ya karanta har ƙasa. An yi kuskure a rubutun sunan Na'Allah, ya lura da wannan. Ya nemi biro ya sa hannu.

"Malam Jinaidu," Maigandi ya ce, "ka yarda da abin da ke ciki?"

"Abin da jama'a suka ce ke nan."

"Kai fa?"

Jinaidu ya duba cikin ransa don ya ba shi amsa ta gaskiya, bai sami komai ba. Ko Guguwa ta zauna, ko ta sauka, ko a rushe ta gobe, duk ɗaya ne a wurinsa. Ya ninke takardar ya sa a aljihu.

"Zan kai masa jibi," ya ce.

A gida, matarsa Hadijatu ta riga ta ji labari, domin matar Nagoggo ƙawarta ce. Ta ajiye masa tuwo ta zauna a bakin tabarma. Ita har yanzu takan yi kuka, wani lokaci tana tsakiyar wanki, kuma ya san bushewar idonsa tana ba ta haushi ko da ba ta faɗa ba.

"Malam, an ce kai za ka kori mutumin nan."

"Takarda zan kai."

"Kwana uku ya yi yana zuwa gaisuwa da hannu a rataye. Bai shiga rumfa ba, a gindin dalbejiya yake zama shi kaɗai har a watse. Na aika masa da ruwa ma bai sha ba. Ni ban san ƙwallonku ba. Na dai ga wannan."

"Na gan shi," in ji Jinaidu. Ya ci gaba da cin tuwonsa.

Ranar Laraba da hantsi ya hau babur ya nufi gidan kocin. Na'Allah malamin motsa jiki ne a wata sakandare, yana zaune a gidajen malamai da ke bayan makarantar. Damina ta ja baya, ciyawa ta yi tsayi a gefen hanya, dawa ta fitar da kai a gonakin bayan gari. Ya tarar da Naomi, matar kocin, tana tsinkar gyaɗa a ƙofar gida. Da ta gan shi ta miƙe da sauri har gyaɗar ta zube daga zanenta, ta durƙusa.

"Sannu da zuwa, Baba. Ina kwana? Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya. Malam yana nan?"

"Yana ciki. Yau ba shi da aji sai azahar."

Na'Allah ya fito da singileti. Dogon mutum ne, Bakambare daga Salka, a da in ya daka tsawa daga wannan raga ana ji a waccan. Yanzu ya rame, kafaɗarsa ta hagu ta ɗan sauka ƙasa da ta dama. Suka gaisa, ya fito da kujeru biyu ƙarƙashin mangwaro. Naomi ta kawo ruwa da dafaffiyar gyaɗa a faranti, ta koma ciki ta ja labule.

Jinaidu bai yi wani zagaye ba. Ya miƙa masa takardar.

Kocin ya karanta a hankali, leɓunansa na motsi. Da ya gama ya ɗora ta a gwiwarsa ya danne da tafin hannu.

"Gaskiya suka faɗa," ya ce. Hausarsa tana da wannan jan harshe na mutanen Salka. "Ban yi musu aiki ba bana."

"Sun ce ba ka magana a fili."

"Ina so in yi. Nakan ga abin da ya kamata in faɗa, in buɗe baki, sai in ga ba amfani. Kafin in yi shawara an riga an wuce wurin."

"Sun ce gola huɗu ka gwada."

"Biyar ne. Ɗaya bai kai ga wasa ba." Ya kalli ƙasa. "Sani yaro ne mai kyau, da na bar shi tun farko da ya zauna. Amma duk wanda na sa a ragar nan, in na kalle shi sai in ji ba daidai ba ne. Sai in cire shi. Ba laifinsu ba ne."

Wata akuya ta zo tana shinshinar gyaɗar Naomi, Na'Allah ya jefa mata ɓawo ta matsa. Daga cikin makarantar ana jin ɗalibai suna maimaita wani abu da ƙarfi.

"Ciyaman, akwai maganar da nake ɗauke da ita tun watan Maris. Na zo gidanka sau uku don in faɗa, na kasa."

"Ina ji."

"Ranar nan, da muka taso daga Minna, Muhyiddin a kujerar baya yake, shi da su Mika'ilu. Can ya saba zama, suna waƙa. An ci mu ɗaya a wasan, kuma kuskurensa ne, ya fito bai kamata ya fito ba. Raina ya ɓaci. Da muka tsaya a Tegina shan mai, na ce ya dawo gaba kusa da ni, ina da magana da shi. Na ba shi gefen ƙofa, ni na zauna tsakiya. Faɗa nake yi masa. Tun daga Tegina har gadar nan faɗa nake yi, shi kuma yana cewa, 'To, Koci. Na ji, Koci.' Waɗanda ke kujerar baya ko ƙwarzane babu wanda ya samu."

Ya faɗi wannan duka ba tare da muryarsa ta yi rawa ba, kamar mai karanta sanarwa. Sannan ya ɗago ya kalli Jinaidu, yana jira.

Jinaidu ma jira yake. Ya ji kowace kalma, ya fahimce ta, har ya ga motar a idonsa, da yaron a takure jikin ƙofa da dogayen ƙafafunsa. Ya yi tsammanin yanzu abin zai zo, ko fushi ko kuka. Abin da ya lura da shi kawai shi ne gyaɗar ta sha gishiri da yawa, kuma akwai tururuwa na hawan ƙafar kujerar kocin.

"Kuskurensa ne da gaske?" ya tambaya.

"Me?"

"Ƙwallon da aka ci."

"Nasa ne."

"To ai aikinka ka yi. Kwanansa ne ya ƙare. Da a baya yake ma, da can za ta same shi."

Abin da ake faɗa ke nan, kuma ya yi imani da shi, amma da ya fito daga bakinsa sai ya ji kamar wani ne ya ara masa. Kocin ma bai nuna alamar an sauke masa kaya ba. Ya gyaɗa kai kawai.

"Takardar fa?" Jinaidu ya ce. "Me zan gaya musu?"

"Zan sauka. Amma ina roƙon abu ɗaya. Suleja sun fi mu, kowa ya sani. In aka ba Lukuman wasa ɗaya tak, aka faɗi a hannunsa, shi ke nan sunansa ya ɓaci, za a ce shi ya kai Guguwa rukuni na biyu. Shekararsa ashirin da takwas, yana da gaba. Ni na kawo motar nan bakin rami. A bar ni in ƙarasa. Ko an ci ko ba a ci ba, ranar Asabar da yamma na tafi."

Jinaidu ya yi tunani kaɗan. Maganar ta yi daidai a lissafi.

"To," ya ce. Ya miƙe, ya bar masa takardar.

Da la'asar ya gaya wa 'yan benci yadda aka yi. Bai faɗi maganar kujerar mota ba. Nagoggo ya tashi ya zauna, ya sake tashi.

"Ciyaman, aike muka yi ka, ba sulhu ba!"

"Na kai. Ya ce ranar Asabar."

"Ranar Asabar ai an gama binne mu!"

Kalmar ta fita kafin ya kama ta. Ya tsaya baki buɗe, sannan ya ce, "Astagfirullah," ya hau babur ɗinsa ya tafi. Da wani ne ya dawo da wannan amsa da an yi masa ca, amma ba wanda zai iya zagin Jinaidu a bana. Maigandi ya leƙo ta taga ya ce, "Ka kyauta." Jinaidu bai ga abin da ya kyauta ba.

Ranar Asabar ya rufe shago bayan azahar. Bai shirya zuwa ba, sai dai ya ga tun da shi ya karɓi alkawarin, ya kamata ya ga cikarsa. Fili ya cika maƙil, har kan katanga da rassan itatuwa. Masu rake da lemo sun jeru a bakin ƙofa. Da mutane suka gan shi suka buɗa masa hanya, aka ba shi kujera a gaba kusa da waya. Nagoggo na can gefe da masu ganga, ya ɗaura jan ƙyalle a ka. Da suka haɗa ido ya sunkuyar da kai.

Sani ne a raga. Na'Allah yana zaune a bencin 'yan wasa da farar riga, hannayensa a tsakanin gwiwoyi.

'Yan Suleja ba abin da suke nema a wasan, suna tsakiyar tebur, amma ba su zo da niyyar kyauta ba. Minti ashirin na farko ƙwallo ba ta bar gidan Guguwa ba. Sai can wajen minti talatin aka samu kwana, ƙwallo ta faɗo cikin cunkoso, Mika'ilu ya sa mata ƙafa ta shige. Filin ya tashi gaba ɗaya. Wani da Jinaidu bai sani ba ya rungume shi ta baya yana ihu a kunnensa. Shi dai yana zaune, yana kallon yadda mai tuta ke ƙoƙarin korar mutane daga cikin fili.

Daf da hutun rabin lokaci ɗan gaban Suleja ya kufce wa 'yan baya, ya rage daga shi sai Sani. Ya buga ƙasa-ƙasa gefen hagu, Sani ya miƙe tsawonsa ya ture ta waje. Sai masu ganga suka ɗauka, jama'a suka amsa: "Gola! Gola! Gola!"

Jinaidu ya ji laƙabin ɗansa a bakin jama'a. Ya kama wayar da ke gabansa da hannu biyu. Gumi ya keto masa, na ɗan lokaci bai ga filin ba. Maigandi da ke kusa ya riƙe masa kafaɗa yana tambaya ko lafiya. Kafin ya amsa abin ya wuce, kamar yadda rediyo kan kamo tasha ta ɓace. Alƙalin wasa ya busa usur, aka tafi hutu. Ya ce wa Maigandi zafi ne, aka sayo masa lemo ya sha.

Bayan an dawo, yaran Guguwa suka koma baya suna tsaron ƙwallo ɗayan nan. Kowa a fili ya ga hatsarin haka. "Ku fito! Ku fito!" ake ta ihu. Lukuman na bakin layi yana ɗaga hannu. Sau ɗaya Na'Allah ya miƙe, ya zo har bakin layi, ya sa hannu a baki kamar zai yi kira, sannan ya sauke ya koma ya zauna.

Saura minti goma sha biyu aka bugo wata ƙwallo daga nesa, ba ta da wani ƙarfi. Ta daki tudu a gaban Sani, ta yi tsalle ta bi ta saman kafaɗarsa. Filin ya yi tsit har ana jin murnar 'yan Suleja su goma sha ɗaya. Guguwa ta yi ta kai hari bayan nan, Mika'ilu ya daki turke sau ɗaya, aka yi ta roƙon fenariti ba a samu ba. Aka tashi ɗaya da ɗaya.

Da farko ba wanda ya motsa. Sani ya kwanta rub da ciki a cikin raga. Sai wani ya jefa guntun rake wajen bencin 'yan wasa, wani ya bi da ɓawon lemo, daga nan duwatsu suka fara sauka. 'Yan sanda uku ne a filin, kuma sun tafi raka alƙalin wasa. Matasa suka fara tsallake waya suna kiran sunan Na'Allah. Shi kuwa yana zaune inda yake, bai ko kare kansa ba.

Jinaidu ya tashi ya bi ta ƙaramar ƙofa ya shiga fili. Bai yi sauri ba. Ya ratsa ta tsakiyar matasan, ya isa bencin, ya ce, "Malam, tashi mu tafi."

Suka jera. Wani dutse da aka riga aka sako ya sami Jinaidu a saman gira. Ya ji ƙarar a cikin kansa, ya ga jini na ɗiga a gaban rigarsa, ya yi mamakin yadda ba zafi. Sai ga Nagoggo ya faɗo tsakiyar mutane da sandar ganga a hannu, fuskarsa jiƙe da hawaye.

"Wa ya jefi Ciyaman? Wane ɗan banza ne? Ku matsa! Wallahi duk wanda ya ƙara jifa sai na fasa masa kai!"

Ya shiga gabansu yana buɗa hanya, yana kuka yana zagi, har bakin ƙofa. Bai kalli kocin ba ko sau ɗaya. Jinaidu ya tayar da babur, Na'Allah ya hau baya, suka bi ta cikin masu rake suka fita. Da suka isa, Naomi na tsaye a ƙofa da rediyo a hannu, ta ga jinin ta yi salati irin nasu, ta ruga ta ɗebo ruwan ɗumi da tsumma. Ɗinki uku aka yi wa Jinaidu a kemis.

Na'Allah ya cika alkawari. Ranar Litinin ya aika wa Alhaji makullin ɗakin kaya da ƙwallaye shida da usur, Lukuman ya karɓi ƙungiya. Jinaidu ma ya ce a nemi wani ciyaman, aka ba Maigandi. Guguwa ta yi shekara biyu a rukuni na biyu, manyan 'yan wasanta suka watse, Mika'ilu ya tafi Kaduna, Sani ya koma sayar da taya.

A ƙarshen zangon karatu kocin ya nemi a mayar da shi wata makaranta kusa da Salka, aka ba shi. Ranar da zai tashi, Jinaidu ya je ya taya su loda kaya a a-kori-kura: gado, buhunan gyaɗa, keken ɗinkin Naomi, kaji a kwando. Igiyar da direban ya kawo ta gaza, sai da aka aro wata a maƙwabta. Da aka gama ɗauri Na'Allah ya miƙa masa hannu.

"In ka zo cin kasuwar Salka, ka tambayi gidan malamin ƙwallo."

"In Allah ya yarda. A sauka lafiya."

Motar ta tashi da ƙyar, ta yi kwana a bayan makaranta. Jinaidu ya koma shago. Ya tarar da wata mata tana jiransa da rakoda a cikin zane, ta ce tana cinye mata kaset. Ya karɓa ya juya ta, ya ce ta dawo ranar Alhamis.